Wasiƙa Daga Leeds: Kawu Ya Ga Bindigar Baba Soja a Kasuwa

Na yi alkawarin wannan makon zan ƙarasa maganar kuɗin haya da ɗalibai ke fama da shi a nan Ingila, to amma wani abu ya gitta, sai ku yi mini uzuri.

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe tara na dare, ina zaune ina kokawa da babi na uku na kundin digirina, sai ga kiran Kawu daga Houston. Duk wanda ya san Kawu ya san ba ya kira sai ranar Juma'a. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi a gida. Ina ɗagawa, ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Uwata, na ga bindigar Baba."

Baba Soja kakana ne na wajen uwa. Yana cikin dubban samarin da Turawa suka ɗiba daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya lokacin yaƙin duniya na biyu, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga nan aka shigar da su kurmin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, su yaƙi sojojin Japan. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan. Masu karatu na Accra sun san Burma Camp, na Zariya sun san barikin Chindit. Daga wancan yaƙin sunayen suka samo asali. Ya rasu ina 'yar shekara shida. Abin da ya bari na soja bai wuce lambar Tauraron Bama da yake ajiyewa a gwangwanin alewa ba, sai littafin sallamarsa da gara ta ci gefensa. Kawu ya daɗe yana son wani abu da zai rataya a falo ya nuna wa 'ya'yansa, waɗanda aka haifa a Texas, ya ce musu ga abin da kakanku ya riƙe.

To ranar ya shiga wata kasuwar baje kolin bindigogi, irin wadda ake ci a ƙarshen mako a can, ya tarar da wata gajerar bindiga mai bakin mazurari a kan teburin wani dattijo. Mai ita ya ce masa wannan ita ce Jungle Carbine, bindigar kurmi, kuma wannan ɗin da idonta ta ga yaƙin Bama. Dala 900. Kawu har ya zaro kati, sai ya tuna yana da 'ya da ke karatun adana kayan tarihi.

Ni ba makamai nake karanta ba. Amma a Leeds nake, inda gidan tarihin makamai na Royal Armouries yake tun 1996, kuma shi aka miƙa wa tarin bindigogin samfuri na gwamnatin Birtaniya a 2005, wato waɗanda ake ajiyewa a matsayin ma'auni, duk wadda masana'anta ta ƙera sai ta yi daidai da su. Darasin da muka yi kan tantance asalin kaya ya sa na ɓata makonni ina ƙura wa tamburan jikin ƙarfe ido, har abin ya shiga raina. Na ce wa Kawu ya mayar da katin aljihu, ya nemi izinin mai kaya ya ɗauko mini hotuna.

Kafin in faɗi abin da hotunan suka nuna, bari in ɗan shimfiɗa tabarma. Bindigar sojan Birtaniya da na ƙasashen da ta mulka a yaƙe-yaƙen duniya biyu ita ce Lee-Enfield, mai cin harsashi goma, mai sakata da ake ja da hannu bayan kowane harbi. Tana da zuriya. Akwai tsohuwar, SMLE Mk III, wadda aka amince da ita a 1907, mai dunƙulallen hanci, katako ya rufe bututunta har baki. Akwai No.4 da aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Sai autarsu No.5, wadda aka gajarta aka rage mata nauyi saboda yaƙin kurmi. Ita ce 'yan kasuwa suka laƙaba wa Jungle Carbine. A takardun soja ba sunanta ke nan ba. An ƙera ta daga 1944 zuwa 1947, kimanin guda dubu 250, kuma a masana'antu biyu kacal: Fazakerley da ke Liverpool, da ta kamfanin BSA da ke Shirley kusa da Birmingham. Ku riƙe wannan, domin nan gizo ke saƙa.

Hoton farko da na nema shi ne na gefen hagu na gangar jikin bindigar, inda ake rubuta sunanta da lambarta. An rubuta No.5 Mk I, ba laifi. Amma wurin ya yi sumul fiye da kima, ya ɗan lotsa, kamar inda aka goge da dutsen wasa kafin a yi sabon rubutu. Lambar kuwa, wadda ke kan zoben ƙarfen da ke haɗa ƙota da jiki, tana da harafin C a tsakiyarta. Wannan tsarin lambar kamfanin Savage ne na Amurka, wanda ya ƙera wa Birtaniya No.4 sama da miliyan ɗaya tsakanin 1941 da 1944 a garin Chicopee Falls na jihar Massachusetts. Yawancinsu ma an buga musu U.S. PROPERTY a jiki, saboda a ƙarƙashin dokar ba da aron kayan yaƙi ta 1941 aka tura su, a takarda dai kayan Amurka ne da aka ba da aro. Savage bai taɓa ƙera No.5 ko guda ɗaya ba.

Da ma a nan maganar ta ƙare, amma Kawu ba ya sakin abu da sauƙi. Ya ce wataƙila zoben aka canza. Na ce zoben da gangar jikin ƙarfe ɗaya ne, ba a raba su. Duk da haka na ce mu ci gaba, ko don mai kayan ya gani da idonsa.

Na ce a duba ma'aunin saiti na baya. Na No.5 na ainihi yana tsayawa a yadi 800, domin gajeren bututu ba ya kai harsashi nesa da kyau. Na wannan ya kai 1300, wato na No.4 ne. Na ce a duba ƙululun hannun sakata. Na No.5 ana rarake cikinsa don rage nauyi; wannan a cike yake. Waɗannan biyun shaidu ne masu rauni, ban ɓoye wa Kawu ba, domin ma'auni da sakata abubuwa ne da ake cirewa a sa wasu. Shaidar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin katakon da ya rufe saman bututu. A No.5 ta gaskiya, an fafe gindin bututun, inda ya yi kauri ya shiga jiki, an yi masa kwarmi-kwarmi, haka ma an sassaƙe ƙarfe daga gefen gangar jikin. Mai jabu zai iya yanke bututu, ya liƙa mazurarin ɓoye wuta a baki, ya sa robar kafaɗa a ƙota, duk cikin yini guda. Fafe ƙarfe kuwa aikin inji ne mai tsada, ba ya biyan kuɗin sabulu, shi ya sa ba sa yi. Dattijon ya yi ɗan jim, sannan ya yarda aka zare katakon. Gindin bututun a mulmule yake, ko ƙwarzane babu.

Ban ce dattijon maƙaryaci ba ne, kuma na hana Kawu faɗa. Irin waɗannan bindigogi sun cika Amurka tun shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake shigo da ragowar kayan yaƙi jirgi-jirgi a kan araha. Kamfanoni kamar Golden State Arms na California sun riƙa yanke dogayen Lee-Enfield suna mayar da su kamannin No.5 suna sayarwa ga mafarauta. Su a lokacin kasuwanci suke yi a fili. Bayan shekara sittin, bindigar ta wuce hannu biyar, fentinta ya koɗe, ta yi tsufan gaske, kuma kowane hannu ya ƙara wa labarin gishiri. Mai yiwuwa shi ma dattijon haka aka sayar masa.

Akwai kuma maganar lokaci. Ko da No.5 ɗin ta gaskiya ce, sai an duba shekararta. Runduna ta 81 ta fara shiga kwarin Kaladan ne a farkon 1944, kafin wannan bindiga ta isa hannun sojoji. Wadda kuma aka buga wa 1946 ko 1947, kuma suna da yawa, an haife ta ne bayan an gama yaƙin. Sunan kurmi da ke jikinta shi ke ruɗar mutane su ɗauka duk wanda ya je Bama ita ya riƙe, alhali dogayen ne suka yi yawancin aikin.

Muryar Kawu ta yi sanyi. Sai na ce ya zagaya mini da kyamara a kan teburin. A can gefe na hango wata doguwar No.4, mummuna, baƙin fentinta ya ɓaɓɓare, katakon gaba ja-ja, na ƙota fari-fari. Mai kayan ya ce wannan haɗin gambiza ce, rabin kuɗin waccan ma zai karɓa. Na ce a ɗauko mini ita.

A nan ne nake so masu karatu su tsaya da ni, domin abin da mutane suka fi kuskurewa ke nan, ba a bindiga kaɗai ba.

Jikinta ya nuna an ƙera ta a Maltby a 1942, wani garin masu haƙar kwal a nan yankin Yorkshire, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga inda nake zaune. Lambarta ta fara da harafi sannan 1, kuma haka ya kamata: an raba wa masana'antun Ingila uku zangon lambobi, na Maltby suna farawa da 1, na Fazakerley da 2, na Shirley da 3. Tambari da lamba sun yi wa juna shaida. Ga kuma 'yar kibiyar nan mai ƙafa uku, kamar sawun kaza, alamar cewa kayan gwamnatin Birtaniya ne, an buga ta nan da can. Ma'aunin saitinta na ɗauke da harufan SM. Kun san ko wane ne? Kamfanin Singer, mai keken ɗinkin da ke ɗakin iyayenmu. Masana'antarsu ta Clydebank a Scotland ta ajiye keke ta koma ƙera ma'aunin saiti da banati lokacin yaƙi. Zoben da ke riƙe katako kuwa yana da harafin S cikin murabba'i, wato na Savage ne, ya tsallako daga Amurka. Ga kuma harufan FTR da shekarar 1948, ma'ana bayan yaƙi an mayar da ita masana'anta an warware ta gaba ɗaya an yi mata cikakken gyara.

Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ita ce jabun, tunda kowane sashe da inda ya fito. Ba haka ba ne. Tun ranar da ta fito daga Maltby ba masana'anta ɗaya ce ta ƙera dukkan sassanta ba. Saboda bama-baman Jamus, an watsa aikin ga ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, aka ba kowanne lambar sirri mai farawa da N idan yana arewa, M idan yana tsakiya, S idan yana kudu, don kada abokin gaba ya karanta adireshi a jikin bindigar da ya kama. Singer ya zama N67, BSA na Shirley ya zama M47C. Bayan nan bindigar ta shiga hannun soja. Katako ya tsage a damina, makerin runduna ya sa hannu a akwati ya ɗauko wanda ya samu. Bai tsaya tambayar ko na Kanada ne ko na Ingila ba, shi dai ya zauna daram. A wurin babban gyara kuwa, ana warware bindigogi da yawa a zuba sassansu wuri guda, a wanke, a tantance, a sake haɗawa. Bindigar da ta yi aikin soja da gaske, da wuya ka same ta ba gauraye.

Wadda ya kamata ta sa ka ɗaga gira ita ce wadda komai nata ya yi daidai ƙwarai. Akwai masu tara bindigogi da ke sayen ta Savage, su bi ta sashe-sashe suna cire duk abin da ba shi da tambarin S, suna sayo mai tambarin a intanet suna sawa, har ta zama Savage tun daga baki har ƙota. Kowane sashe na gaskiya ne, na lokacin yaƙi ne, amma bindigar da suka haɗa ba ta taɓa wanzuwa ba sai a kan teburinsu. Sun cire abin da makerin soja ya sa a 1944 sun jefar, da sunan gyara tarihi. Idan mutum ya yi haka don jin daɗin kansa, ya kuma faɗa lokacin sayarwa, ba ni da ta cewa. Matsalar ita ce ba a faɗa.

To yaya ake bambanta gyaran soja da kwaskwarimar ɗan kasuwa? Abin da na koya shi ne, soja ba ya ɓoye aikinsa. Idan makeri ya canza sakata, zai daidaita ta da bindigar ya buga mata lambar bindigar a bayan hannu, kuma sau da yawa tsohuwar lamba tana nan an ja mata layi, kana iya karanta ta. Mai son ruɗi shi ne ke gogewa har ƙarfen ya lotsa, ya buga sabuwa, ya shafa baƙi a kai. Sai a duba siffar lambobin, ko 3 ɗin da ke kan sakata ta yi kama da 3 ɗin da ke jiki. A duba tsufa ko ya tafi tare: ba zai yiwu gefen ƙarfe ya cinye saboda gogayya ba amma rubutun da ke kansa ya fito da kaifi kamar jiya aka buga. A duba kawunan sukurori ko sun sha sukundireba kwanan nan. Katakon da aka goge da sanfefa yakan zauna ƙasa da ƙarfen da ke kusa da shi, tamburansa kuma su dushe. Wata 'yar lamba da ke ruɗar sababbin shiga ita ce ta kan sakata daga gaba, 0 ko 1 ko 2 ko 3. Wannan ba lambar bindiga ba ce, girman kan ne, ana zaɓar wanda zai matse gindin harsashi daidai. Rashin dacewarta da sauran lambobi ba aibu ba ne.

Inda kuɗi ya fi yawa, nan jabu ya fi yawa. No.4 ta maharba daga nesa, mai harafin T, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya riƙa ɗora wa madubin hange, tana da tambarin S51 a ƙasan ƙota da TR a zobe, kuma ana buga lambar madubin a saman ƙotar. Farashinta ya ninka na gama-gari sau da yawa, don haka kowane ɗaya daga cikin tamburan nan an taɓa ƙirƙirarsa a garejin wani. Wannan ba fagen ɗan koyo ba ne, ni ma ba na shiga.

Abu biyu na gaya wa Kawu da babbar murya, zan kuma maimaita a nan. Duk bindigar da aka buga wa DP, ta faretin horo ce kawai, soja da kansa ya yanke hukuncin ba ta harbuwa, kada a kuskura a sa mata harsashi. Ko wadda ba ta da wannan tambari, shekararta tamanin, sai ƙwararren makeri ya auna ta kafin a je filin harbi da ita. Na biyu, doka. Abin da ya halatta a Texas zai iya kai mutum kurkuku a nan. A Birtaniya da yawa daga cikin masu tara irin waɗannan suna sayen waɗanda aka kashe ne, aka toshe bututu aka lalata sakata, kuma sai da takardar shaida daga gidan gwajin bindigogi na Landan ko na Birmingham. Batun a sa ta a akwati a nufi Kano ko Yamai don nuna wa dangi kuwa, ko a mafarki. Da na ba Mama labari washegari ma cewa ta yi, yanzu da bindiga ta hana mutanenmu noma da barci, shi yayanta ya rasa abin ratayawa a falo sai ita? Ban iya ba ta amsa ba. Na dai ce mata lambar da ke gwangwanin alewa tana wurinta, shi kuma yana can ba shi da komai.

Tambayar da Kawu ya yi ta ƙarshe ita ce wadda na san tana zuwa: to wannan mummunar, ta je Bama? Na ce masa ƙarfen ya faɗi inda aka ƙera shi da shekarar, ya faɗi cewa gwamnati ta mallake shi, ya faɗi cewa ya sha aiki har ya buƙaci babban gyara a 1948, ya kuma faɗi cewa daga baya an sayar da shi ga 'yan kasuwa, domin ga tambarin BNP na gidan gwajin Birmingham a bututu. A nan bakinsa ya tsaya. No.4 ba ta da faifan tagullar nan na ƙota da ake rubuta sunan runduna a kai kamar tsofaffin SMLE. Tana iya zama ta je Italiya, ko Normandy, ko Arakan, ko ta ƙare yaƙin a hannun mai gadin sito. Duk wanda ya ce maka ga dajin da ta shiga, ka ce ya kawo takarda.

Ya koma ranar Lahadi ya saye ta. Mun yi 'yar jayayya kan abin da za a rubuta a ƙarƙashinta. Shi yana son "Bindigar Baba Soja", ni na ce sai dai "Irin bindigar da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin duniya na biyu". Ya ce rubutun ya yi tsawo, na ce allon ya ƙara faɗi. Ya kuma ce zai sa a goge katakon a shafa masa vanish ya yi ƙyalli, na ce idan ya yi haka kada ya ƙara kirana Uwata. Tsumma da ɗan man linsid, shi ke nan.

Jiya da dare ya sake kira. Wai yana shafa man ne ya ga harafin S a saman ƙotar, kusa da farantin kafaɗa, shi ma na Savage ne? Na ce a'a, wannan tsawon ƙota ne. Ana yin su hawa-hawa don su dace da hannun soja, L doguwa, S gajera. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Uwata, kin san fa Baba gajere ne."

Na ce, "Kawu, sai da safe."